Dawar Goyon Ciki

Litinin, 8 ga Maris 1982, ƙarfe biyar na yamma

Sun kawo ta a motar makaranta, ita da akwatinta da bokitinta da wata takarda mai hatimi. Takardar ta ce an ba ta hutu "saboda gajiya". Shekara tara ina aikin duba makarantu, na san irin takardar da shugaba ke rubutawa idan tana so abu ya faru a gidan wani, ba a harabarta ba.

Matar da ta rako ta, mai kula da ɗakin kwanansu, ta ja ni gefe. Ta ce jiya bayan sallar asuba an same ta zaune a bakin rijiyar makaranta, ƙafafunta a ciki. Ta ce wataƙila iska take sha. Na ce wataƙila. A watan Maris kowa a Kazaure iska yake nema.

'Yata ce ta fari, shekarunta goma sha biyar, tana aji huɗu. Al'ada ta hana ni kiran sunanta, kuma na je Zariya na yi digiri na dawo ban karya wannan ba. Ko a takarda hannuna nauyi yake yi. Kellu. To, na rubuta, rufin ɗaki bai faɗo ba.

Ta ce, "Yaya, ina wuni." Haka take kirana, tunda a Roni ta tashi, a hannun mahaifiyata.

Talata, 9 ga Maris, da hantsi

Na kira kafinta ya yi wa rijiyar gidan nan murfi da kwaɗo. Na ce masa saboda awaki. Ba mu da awaki.

Alhamis, 11 ga Maris, bayan la'asar

Ba ta ci ba. Jiya ma ba ta ci ba, sai ruwa. Na buɗe akwatinta ina neman zane, na tarar da littattafanta. A bangon kowanne ta goge sunanta da biro har takardar ta huje. Aikin da ke ciki tsaf, maki mai kyau, sai dai rubutun yana rawa kamar kullum. Tun tana ƙarama hannunta ke yin haka. Ba ta yi tafiya ba sai da ta kusa shekara biyu, kuma rufe ƙofa da ƙarfi kan sa ta kwana tana kuka.

Malam ya dawo daga ofishin gona ya leƙa ta daga bakin ƙofa, kamar mai duba gonar da ba tasa ba. Muhammadu Lawal mutum ne mai natsuwa, kowa yana faɗa. Ya zauna ya ce, "Ma'u, abin da aka shuka ke nan. Yarinya tana buƙatar uwa lokacin da take buƙatarta. Dubi ƙannenta da kika riƙe da hannunki, me ya same su?"

An yaye ta aka kai ta Roni kamar yadda ake kai kowace 'yar fari. Bambancin kawai, sauran uwaye suna komawa ga turmi, ni na tafi jami'a. Shekara goma sha uku ina jin wannan karatun daga bakinsa, da na dangi, da na matan da ke zuwa barka. Na daɗe da haddace shi. Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne na yarda da shi.

Asabar, 13 ga Maris, da azahar

Mahaifiyata, Hajja Kaka, ta iso daga Roni da ƙullin turare da kwalbar rubutu. Ko gaisuwata ba ta gama amsawa ba ta wuce ɗakin. Na ji tana cewa, "Ƙawata, ni za ki yi wa yaji? Tashi, kin yi baƙi kamar gindin tukunya." Ta fito ta dama kunu da hannunta, ta koma. Kwanon ya fito babu komai.

Kwana biyar ina dafa kaza da shinkafa. Ashe ba abincin ba ne.

Hajja ta ce a bar mata ita su koma Roni, makarantar ta isa haka. Malam ya ce shawara ce mai kyau. Rijiyar Hajja gaba goma sha biyu ce, bakinta daidai da ƙasa, kuma Hajja tana barci bayan azahar kamar an ɗauke ta. Na ce sai likita ya gan ta tukuna. Suka kalli juna. Na ɗauka kallon "ga 'yar boko ta fara" ne.

Laraba, 17 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Kano. Likitan Bamisire ne, dattijo, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "buɗe baki" ba. Ya sa ta miƙa hannuwa, ya sa ta taka layi ɗaya, ya ɗaga yatsa a gefen fuskarta ya ce ta faɗa idan ta gani. Ba ta gani ba sai da yatsan ya zo kusan gabanta. Ban taɓa lura ba. Ni da aikina shi ne lura.

Ya fitar da ita, ya tambaye ni lokacin da nake da cikinta. Na yi rashin lafiya? Na sha wani magani? Na firgita? Na ce a watan Nuwamba na 1966 aka haife ta. Ya ajiye biro. Na ba shi labarin kwana tara da muka ɓoye ungozomar asibitin shan-magani a ƙarƙashin gadona a Roni, mutuniyar Gabas, lokacin rikicin shekarar nan, maza suna zuwa zaure suna tambaya, Hajja tana ba su ruwa tana rantsuwa. Na ce ban da wannan sai laulayin da na fara a wata na bakwai: amai, yatsuna da leɓɓana sun mutu, bakina kamar na tsotsi kwabo.

Ya ce, "A wata na bakwai? Wannan ba laulayi ba ne." Ya ce in nemi ungozomar nan in tambaye ta abin da ta gani. Yana so ya kwantar da yarinyar na wasu makonni daga bakwai ga Afrilu, inda za a sa mata ido dare da rana. Sai uba ya sa hannu a takardar da ya ba ni.

Juma'a, 19 ga Maris, da safe

Malam ya ce 'yarsa ba za ta kwana a ɗakin mahaukata ba, duk garin nan za a ji. Takardar tana kan rediyo.

Litinin, 22 ga Maris, bayan magariba

Na je duba makarantun Ɓaɓura. Ajujuwa shida sababbi, huɗu babu rufi, ɗan kwangila ya tafi Makka. A dawowa na tsaya Kanya Babba, inda Martina take da ɗan shagon magani. Ita ce ungozomar. Ta dawo bayan yaƙi, muna gaisawa a hanya, ba mu taɓa zama ba. Akwai abin da idan ka yi wa mutum, ganin juna sai ya yi muku nauyi ku duka.

Ta ba ni kujera da lemo mai ɗumi. Na faɗa mata abin da likita ya ce. Ta ce, "Ai dawar nan ce. Na daɗe ina tunanin yarinyar."

Na ce wace dawa.

Ta dube ni. Ta ce, "Malama, Mama ba ta gaya miki ba? Maigida fa?"

Na ce ta gaya mini kamar ban sani ba, don na ga ko ta tuna daidai. Ƙarya ce mai arha, amma ta karɓa.

Ta ce rana ta biyu da ɓoyonta, ina barci, ta lallaɓa bayan gida, ta tarar da Hajja tana wanke dawa a ƙwarya, ruwan ja kamar an yanka zakara. Ta duba buhun. Irin gwamnati ne, wanda ake cuɗawa da jan garin magani don kada ƙwari su ci shi a ƙasa. A jikin buhun akwai hoton ƙoƙon kai. Ta ce ta manta ana neman ranta ta ɗaga murya. Hajja ta ce surukinta ne ya aiko, ya ce a wanke sau uku.

"Na tambaye ta tun yaushe, ta ce tun da kika zo. Na ƙirga, mako bakwai. Na ce Mama, don Allah a binne. Da maigida ya zo muka zauna mu uku, aka ce kada a gaya miki sai kin sauka, kada tsoro ya taɓa cikin. Ni kuma washegarin nan aka sa ni a motar gyaɗa."

Na tuna ranar da kunun ya canza. Aka koma sabon gero, na yi ta mita cewa ba shi da laushi kamar na da.

Na sha lemon duka. Na yi mata godiya. Na tuƙo mota har gida ban wuce hamsin ba.

Talata, 23 ga Maris, da safe

Na gaishe su duka biyun, Hajja da Malam. Sun amsa.

Laraba, 24 ga Maris, ƙarfe biyar da rabi

Na kai masa shayi falo na rufe ƙofa. Na ce, "Malam, buhu nawa ka aika Roni lokacin goyon ciki?"

Bai ce wane buhu ba. Ya ce, "Wa ya gaya miki?"

Sai ya yi bayani, kuma bayanin yana da kyau, na ba shi maki. Tsakiyar damina ce, hatsin kasuwa duk ƙwari sun huda. Shi ƙaramin malamin gona, cikin fari, ga surukai suna jiran su ga abin da zai biyo matarsa da shi. Irin ya iso a makare bayan an gama shuka, yana jibge a sito babu mai tambaya. Manoma ma suna wankewa su ci, ya gani da idonsa, babu wanda ya faɗi. "Sau uku na ce a wanke, Ma'u. Sau uku."

Na ce na ji wannan. Na ce ba dawar nake tambaya ba. Yaro ɗan shekara ashirin da huɗu ya yi wauta don kada ya ji kunya, wannan zan iya ɗauka. Mutumin da nake tambaya shi ne wanda ya zauna a kujerar nan shekara goma sha uku yana gaya mini abin da na shuka.

Ya ce, "Ban taɓa cewa ke ce ba."

Ya faɗa ranar sha ɗaya ga wannan watan. Shafi huɗu baya. Amfanin rubutu ke nan, kuma shi ya sa ba a son mata su iya.

Na ce likita zai so sunan maganin. Ya ce ya manta. Ya ce kuma likita rubutawa zai yi, ma'aikatar lafiya da ta gona bene ɗaya suke a Kano, shi kuma sunansa yana gaban hukuma don ƙarin girma a wannan shekarar. Ya ce in yi tunanin ƙannenta.

Shayin ya huce. Na ɗauke.

Alhamis, 25 ga Maris, da azahar

Ta ci. Hajja ce ta ba ta.

Asabar, 27 ga Maris, da hantsi

Na sami Hajja a bayan kicin tana tankaɗe. Na tsuguna kamar yadda aka koya mini. Na ce na ga Martina.

Ba ta daina tankaɗen ba. Ta ce, "Ba ki ga ƙwayar ba ne. Fara tas bayan an wanke, manya, duk kai ɗaya. Ban taɓa ganin dawa irinta ba. Na ce wannan ta mai ciki ce. Gidan duka muna cin dusar gero da rama, ko Dela da ke daka mini ban bari ta lasa ba. Na kulle buhun a ɗakina don kada yara su taɓa."

Haka ne. Mu goma sha ɗaya ne a gidan lokacin. Ni kaɗai aka so har haka.

Na ce ba ta ga wata alama ba? Ta ce kaji uku sun mutu a bakin magudanar da take zubar da ruwan. Ta ɗauka ciwon kaji ne. Na ce bayan kajin, kwana nawa ta ci gaba? Ta buga rariya a gefen ƙwarya, ta ce gari ya yi laushi.

Na ce, "Hajja, me ya hana ki faɗa mini?"

"Kina da ciki. Da kika sauka kina jego. Da kika gama kina shayarwa. Sai aka ce kin tafi karatu. Wace rana ce a cikinsu za a tari mutum da wannan?"

"Da ake cewa ni na lalata ta, kina zaune."

"Na taɓa faɗa da bakina?"

Ba ta taɓa ba. Ita da surukinta makaranta ɗaya suka yi.

Ta ce, "Kina ganin don me na karɓe ta? Kina ganin don me ban taɓa bari wani ya dama mata kunu ba?" Sai ta share ido da gefen mayafi ta bar gari a kumatunta. Ban gaya mata ba.

Litinin, 29 ga Maris, ƙarfe huɗu

Na je ofis. Na rubuta rahoton ajujuwa marasa rufi, shafi uku, babu kuskure ko ɗaya. Takardar tana kan rediyo.

Talata, 30 ga Maris, da safe

Mabuɗin kwaɗon rijiya yana wuyana tare da na mota. Yau na ga an taɓa murfin. Wataƙila iska.

Alhamis, 1 ga Afrilu, bayan la'asar

Hajja ta tafi gaisuwar mutuwa a unguwar Kanti, ta bar mini ita. Na shiga na zauna a bakin gado. Na shirya maganata tun safe, daki-daki, kamar darasi. Tana da wayo, ta ci kimiyya, za ta gane. Zan ce mata abin da ke damunta yana iya zama yana da suna, ba halinta ba ne, kuma ba don an ƙi ta ba ne.

Ita ta riga ni. Tana kallon bango ta ce, "Yaya, da gaske ne kukana ne yake hana ki karatu, shi ya sa aka kai ni Roni?"

Na ce wa ya faɗa mata.

"Kowa ya sani. Ba komai. Ni ma ina gajiya da ni. Hajja ce kaɗai ba ta gajiya. Abincin makaranta ina jin kamar an sa wani abu a ciki. Naki ma, ki yi haƙuri. Na san ba a sa ba, amma maƙogwarona ba ya yarda. Nata ne kawai yake wucewa."

Na dubi kwanon da ke ƙasa, wanda Hajja ta dama kafin ta fita. Ta sha fiye da rabi.

Na ce, "Akwai zafi, in kunna fanka?" Ta ce to.

Juma'a, 2 ga Afrilu, da safe

Abin da zan faɗa mata jimla biyar ce kawai. Na iya su da Hausa, na iya su da Turanci. Idan na faɗa, na wanku. Sannan ta ci abincin wa?

Lahadi, 4 ga Afrilu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na fito na tarar an ɗaure akwatinta, Malam ya sa direban ofis ya zo gobe ya kai su Roni. Ba a tambaye ni ba. Na ce su biyun su same ni a falo. Ban taɓa kiran mahaifiyata zuwa wani ɗaki ba, ta zo kuwa.

Na ɗauko takardar daga kan rediyo na ajiye a gabansa da biro. Na ce ga yadda za a yi. Shi zai sa hannu. Hajja za ta bi mu Kano ta zauna jinya, ta dama kununta a can, kuma ta faɗa wa likita abin da ta gani da bakinta, tunda surukinta ya manta. Ni kuma yarinyar ba za ta ji daga gare ni ba, dangi ba za su ji ba. Abin da suka sani game da ni, su ci gaba da saninsa.

Malam ya ce, "Idan na ƙi fa?"

Na ce to gobe kafin direba ya iso zan shiga ɗakin can in faɗa mata, in fito in tafi ma'aikatarsu. Ban san ko zan iya ba. Shi ma bai sani ba.

Hajja ta ce, "Ma'u, ni kike yi wa ciniki?"

Na ce, "Eh, Hajja."

Ya sa hannu. Sa hannunsa kyakkyawa ne, mai dogon wutsiya.

Laraba, 7 ga Afrilu, bayan magariba

Mun tafi mu uku. Ta kwantar da kai a cinyar Hajja tun kafin mu wuce duwatsu.

Likita ya sa aka kai ta ɗaki, ya zauna da mu. Babu tafinta sai ni. Hajja ta faɗa da Hausa, ni na juya da Turanci yadda ta faɗa: na wanke sau uku, na dama, na ba ta, na hana kowa. Da muka zo kan kajin ta tsaya. Likita ya jira. Ta ce mako uku. Na juya wannan ma.

Ya ce irin waɗannan magunguna wasu akwai zaiba a ciki, wasu babu, kuma ba tare da suna ba sai dai zato. Hannun da idon suna iya zama daga nan. Sauran, bakin rijiyar da ƙin abincin, ba zai rantse ba. Yana iya zama dawar, yana iya zama kwana taran nan, yana iya zama abin da yarinya ta girma tana ji game da kanta, ko duka. Ya ce abin da ya wuce ba shi da maganinsa, amma ita yana da abin da zai yi mata. Na so ya ce dawar ce kaɗai. Bai ce ba. Mutumin kirki ne.

Ɗakin yana da gadaje takwas, tagogin da waya. Hajja ta shimfiɗa tabarmarta a gefen gado ta fara kwance risho kamar a nan aka haife ta. Wata nas ta zo da fayil ta ce, "Wace ce uwar?"

Yarinyar ta nuna Hajja.

Hajja ta ɗago ta dube ni. Nas ɗin ma ta dube ni, biro a sama.

Na ce, "Ita ce. Ni na kawo su."

Na tsaya har aka dama kunun. Ta sha. Da ta ga ina tsaye ta ce, "Yaya, ki tafi, gobe kina da aiki." Babu fushi a muryar, tausayina take ji. Na ce to.

Gobe Gwiwa, makarantu huɗu. Asabar zan kai musu gero.